Wankan Jego a Ƙasar Damina Biyu

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a wajen niƙa, ko a hanya aka tare ni, maganar ɗaya ce: "Saude, yaya ƙasar?" Sai in buɗe baki in rasa ta inda zan kama, in ce lafiya lau. Shekaranjiya ƙawata Ladidi ta taso takanas daga Kademi, ta ce ba za ta tashi daga tabarmata ba sai ta ji komai. Na ba ta labarin, ta yi dariya har da hawaye, ta ce in rubuta kowa ya karanta in huta. To ga shi. Amma ku sani, har yau akwai abubuwan da ban gane ba, kuma yadda na gan su haka zan faɗa.

Hafsatu ita ce 'yata ta uku. Shekara biyu ke nan da aurenta da Nura, ɗan garin Balan, wanda yake sayen koko a kudancin Kamaru, a wani ƙaramin gari gaba da Ambam. Ba kokon gero nake nufi ba, 'ya'yan wata itaciya ne da ake yin cakulan da su. Da yake haihuwar fari ce, gida ya kamata ta zo. Sai dai da cikin ya tsufa ƙafafunta suka kumbura, likita ya hana ta doguwar hanya. Maigidana ya ce tunda ita ba za ta zo ba, ni in je in yi mata wanka, yayana Malam Habibu ya raka ni. Yaya Habibu ya yi shekara da shekaru yana hedimasta a Ajingi kafin ya yi ritaya, kuma duk danginmu idan ya faɗi magana a kan ƙasashe ba mai ja.

Ana saura mako biyu mu tashi Nura ya kira ya gaishe ni. Kun san tsakanin mutum da surukinsa, gaisuwa ce gajera, kowa yana neman ya ajiye waya. A ƙarshe ya ce, "Umma, ƙaramin rani ya wuce fa, yanzu muna cikin babbar damina. A taho da shiri."

Na ce, "To, Allah ya yi albarka."

Ban gane ba, kunya kuma ta hana ni in ce ya maimaita. Ni dai na san rani, na san damina, ban taɓa jin suna da ƙane ko wa ba. Da na gaya wa Yaya Habibu sai ya yi murmushi.

"Yaran nan da sun daɗe a waje Hausarsu take lalacewa," in ji shi. "Saude, daga ina hadari yake taso mana?"

"Daga gabas."

"Kamaru tana ina?"

"Gabas."

"To ruwan da ya ɗauke a Gaya, ai can ya fara ɗaukewa."

Ya ciro wayarsa ya rubuta Kamaru, ya nuna min hoton rana guda bakwai a jere, daga Asabar zuwa Juma'a. Sai daga baya muka gane garin Marwa wayar ta nuna masa, can arewacin ƙasar, wanda yanayinsa da na Ajingi duk ɗaya ne.

Lokacin tsakiyar Oktoba ne. A nan an yi ruwan bankwana, an yanke gero, ana cirar gyaɗa. Na haɗa kayan mai jego: gero rabin buhu, kanwa, yajin da na kwana uku ina dakawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa. Jaka ta ƙi rufuwa, sai na cire lemata na sa maburgi da ludayi a gurbinta.

Daga Gaya muka bi ta Dutse, muka yi Gombe, muka kwana a Yola a gidan wata 'yar ƙanwar maigidana. Washegari muka nufi iyaka. A ɓangarenmu ba a tsare mu ba. A ɓangarensu wani jami'i dogo ya sa aka sauke kayana. Yaya Habibu ya gyara hula ya fara zuba masa Turanci, mutumin ya tsaya yana kallon bakinsa, ya amsa da Faransanci. Yaya ya ƙara ɗaga murya, shi ma ya ƙara. Jami'in ya ɗauko kanwa yana jujjuyawa, ya shinshina kuka, sannan ya kwance ƙullin daddawa. Nan take ya ja da baya yana toshe hanci, ya kira wata abokiyar aikinsa. Allah ya taimake ni, na ji ta yi wa wani magana da Fillanci, ni kuwa kakata ta wajen uwa a Gafasa Bafillatana ce, na tsinci kaɗan a bakinta. Na harhaɗa abin da na tuna na ce 'yata ce za ta haihu. Matar ta fashe da dariya, ta ɗaure min daddawata da kanta, ta ce in gaida mai jego. Muna fita Yaya ya ce ai da ma Turancinsa ne ya sassauta su.

Garwa rana ƙwal, zafi kamar na gida. Yaya ya dube ni ya nuna sama. Da muka hau tudun Ngaundere sai iska ta yi sanyi, aka fara yayyafi. Ya ce wannan raɓar duwatsu ce, ba ruwa ba.

A Ngaundere muka shiga jirgin ƙasa da yamma. Wadda ke zaune kusa da ni wata 'yar kasuwa ce, Hajja Dija, tana kai kilishi Yawunde, Hausarta da karin Fillanci. Ta dubi silifas ɗina, ta dubi buhun gero, ta tambayi inda za mu. Da na faɗa sai ta dafa ƙirji.

"Ambam? A wannan wata? Ina lemarki, ina takalmin robarki?"

Yaya Habibu ya leƙo ya ce ai damina ta wuce.

"Wace daminar, Malam?" Ta ɗaga yatsu huɗu. "Can kudu damina biyu ce, rani biyu. Akwai ƙaramar damina, lokacin da ku kuke fama da zafin bazara. Sai ƙaramin rani, lokacin da ku kuke tsakiyar noma. Sai babbar damina, ita ce yanzu. Sai babban rani, wajen ƙarshen shekara."

Na ce, "To ƙaramar daminar, ruwanta kaɗan ne?"

"A'a, da yawa ne."

"Shi ƙaramin ranin, ba a ruwa?"

"Ana yi."

"To me ya sa ya zama rani?"

Sai ta ce, "Idan kin je za ki gani." Yaya ya ciro ɗan littafinsa ya fara zana layuka, ya goge, ya sake zanawa. Ni kuwa sai a lokacin maganar Nura ta dawo min.

Da gari ya waye na leƙa taga ban ga sama ba. Itatuwa ne dogaye sun haɗe kai, ruwa yana sauka a kansu babu iska, babu tsawa, babu alamar zai tsaya. A Yawunde muka fito cikinsa. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne ba wanda ya fake. A Gaya idan hadari ya haɗo kasuwa watsewa take, a kama awaki, a tara bokitai a bakin indararo. Nan kowa yana harkarsa. 'Yan acaɓa ma sun kafa wata doguwar lema a jikin babur, ta rufe direba da fasinja. Yaya ya sayo mana burodi mai tsawo kamar sandar makiyayi, mai tauri a waje. Kafin ya tsallako titi ya zama kamar an jiƙa shi a shayi.

Motar Ambam a samanta aka ɗaure kayanmu, aka rufa musu tamfol. Na yi ta nuna wa kwandasta cewa gefen buhuna a buɗe yake, yana ɗaga min babban yatsa. Muka wuce Ebolowa, muka isa Ambam da la'asar. Wani dattijo a unguwar Hausawa, abokin cinikin Nura, ya sauke mu. Matarsa ta kawo mana wani abu dogo a naɗe da ganye an ɗaɗɗaure shi da zare, da miya kore shar. Na zaci alala ce. Ashe rogo ne aka jiƙa ya yi tsami aka dafa, yana da danƙo kamar roba, miyar kuma ganyen rogon ce. Yaya ya fara ci har da ganyen naɗin, sai da matar ta zo ta ɓare masa.

Muna cikin ci wayar Yaya ta yi ƙara. Nura ne. Naƙuda ta kama Hafsatu, kwana goma kafin lokacin da aka ɗiba mata. Na miƙe na ɗauki mayafina. Mai masaukinmu ya ce, "Hajiya, ki zauna. Kwalta a nan ta ƙare. Hanyar garinsu ko da rana sai an yi da gaske, yanzu kuwa ba direban da zai shiga."

Da asuba muka sami wata a-kori-kura. Tafiyar da aka ce ta awa ɗaya ce da rani. Ban tambayi wane ranin ba. Hanyar jar laka ce, mai santsi kamar sabulu. Mun yi kamar rabi sai muka tarar da wata babbar motar katako ta kafe a gangaren wata gada, ta toshe hanya, motoci sun yi layi a bayanta. Direbobi sun kunna wuta a ƙarƙashin wata rumfa suna gasa ayaba, ba wanda ya damu. Na tambayi yaushe za a cire ta, wani Bahaushe a cikinsu ya ce, "In ruwa ya tsagaita." Na ce yaushe zai tsagaita? Ya ce, "Disamba."

Ban san lokacin da na sauka na fara tafiya a ƙasa ba. Yaya yana kirana, "Saude! Saude, ki tsaya mu yi shawara!" Ban juya ba. Taku na goma laka ta cire min silifas ɗaya, na sa hannu na lalube ban same shi ba, na jefar da ɗayan. Da na waiwaya sai ga Yaya Habibu, hedimasta guda, ya naɗe wando har gwiwa, ya ɗora buhun gero a ka, babbar rigarsa fara ta koma ja. A hayin gadar muka sami masu babura. Ni da ban taɓa yarda in hau acaɓa a Gaya ba, ranar na hau, na rungume jakata, na rufe ido ina salati. Sau biyu muna zamewa mu faɗi a hankali, mu tashi mu sake hawa.

Azahar ta wuce muka isa. Nura ya taro mu a bakin ɗan asibitin garin, ya durƙusa a cikin taɓo ya gaishe ni. Ya ce an sauka lafiya tun hantsi, mace ce. Na shiga ƙafa ba takalmi, zanina yana ɗiga. Hafsatu tana kwance, a gefenta wata mata ƙaƙƙarfa mai furfura tana riƙe da jaririyar.

"Umma," in ji Hafsatu, sai ta fashe da kuka. Da ta natsu ta ce, "Wannan Mama Anyes ce, maƙwabciyarmu. Ita ta riƙe ni tun jiya."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji kishi. Na yi kwana huɗu a hanya don in riƙe hannun 'yata, wata ta riga ni. Matar ta dube ni daga sama har ƙasa, ta miƙo min jikata, ta cire takalminta na roba ta tura min da ƙafa.

A gida na kwance kaya, na zauna na riƙe kai. Gero ya jiƙe ya fara tsiro. Kuka ta dunƙule. Kuɓewa ta yi furfura. Yajina ya zama curi guda. Kanwa ce kawai ta tsira, ita ma ta yi gumi. Maburgi da ludayi kuwa lafiyarsu ƙalau.

Sai maganar wanka. Kun san mai jego tana buƙatar tafasasshen ruwa safe da yamma. Ruwa dai ga shi har ya yi yawa. Itace kuma duk inda ka juya daji ne. Amma wuta ta ƙi kamawa. Na tara itacen da Nura ya sayo, na hura, na yi fifita, na zuba kananzir, sai hayaƙi da kumfa a bakin icen. Ni da na shekara talatin ina girki, na tsuguna a gaban murhu ina hawaye, rabi na hayaƙi rabi na takaici.

Mama Anyes ta leƙo ta katanga. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu. Ta kama hannuna ta ja ni madafinta, wani ɗaki baƙi ƙirin. Ta nuna min sama. Ashe a kan murhu suke kafa wata ragaya mai hawa biyu, su jera itacen gobe da na jibi a kai, wutar yau ta busar da su. A nan suke ajiye masara da gyaɗa da kifi, komai a cikin hayaƙi. Ta ɗebo min busasshe ta ɗora min a ka. Ta koma gidanmu ta baza sauran gerona a faranti, ta kai shi ragayarta. Abin da ya tsira shi na yi wa Hafsatu kunun kanwa da shi, yana ƙamshin kifi, haka ta shanye.

Na nemi darbejiya ko runhu na wanka, babu ko ɗaya a ƙasar. Mama Anyes ta shiga bayan gida ta yanko wasu ganyaye masu faɗi. Na yi turus, na ce wa Hafsatu ta tambaye ta me za ta yi da su. Sai ga shi su ma suna gasa wa mai jego jiki da ruwan zafi, kusan irin namu. Daga ranar muka raba aiki, ni safe ita yamma. Takan ce ruwana ya cika zafi, ni kuma in ce nata bai yi ba, Hafsatu tana tsakiya tana fassara abin da ta ga dama.

Shanya ma wani karatun ne. Rana takan fito kamar da gaske, in shanya kayan jaririya, kafin in juya an kece da ruwa. Masu koko su ma haka suke wuni, a baza a kwashe. Ran da na samu suka bushe na zo zan sa mata, Mama Anyes ta fizge rigar tana faɗa. Hafsatu ta ce akwai wani ƙuda da yake yin ƙwai a jikin tufa mai danshi, tsutsar ta shiga fatar yaro, don haka komai sai an goge shi da dutsen guga, har tsumma. Da yake ba a cika ganin rana ba, lokacin salla ma sai na duba waya, don sau biyu ina yin la'asar ashe azahar ba ta fita ba.

Ranar suna aka kafa tamfol a ƙofar gida. Ragon da aka kawo gajere ne, bai kai ɗan akuyar Gafasa ba, aka rantse min cewa ya shekara biyu. Yarinya ta ci suna Aminatu. Abokan Nura suka shigo gaishe ni, ni kuma da na saba da gaisuwar damina na ce wa ɗaya, "Yaya ruwa?" Ina jiran ya ce ya yi gyara, sai ya ce, "Hajiya, buhun koko shida ya ruɓar min."

Yaya Habibu ya juya gida bayan suna da kwana biyu, da sabuwar lema da littafinsa cike da zane. Ya ce ya kusa gano tsarin, saura kaɗan.

Ni na zauna har arba'in. Farkon Disamba aka yi kwana tara ba ruwa, Mama Anyes ta ce babban rani ya shigo. A kwana na goma aka yi ruwan da a Gaya sai an yi shuka da shi. Na nuna mata waje na ce ina ranin? Ta kaɗa hannu, wai wannan ba ruwa ba ne.

Ana gobe zan taho muka zauna mu uku a madafinta, Aminatu a cinyata. Ta sa Hafsatu ta tambaye ni yaushe ruwa zai dawo a garinmu. Na ƙirga mata a yatsu, na ce sai nan da wata shida ko fiye.

"Ko ɗigo?" in ji ta.

"Ko ɗigo."

Ta yi dariya, ta zaci wasa nake. Hafsatu ta ce mata gaskiya ne. Sai dariyar ta ɗauke. Ta tambayi me muke ci, na ce abin da muka zuba a rumbu. Ta tambayi ciyawa fa, na ce bushewa take. Rafi fa? Na ce yara suna ƙwallo a cikinsa. Ta daɗe tana kallona, ta dubi Aminatu, ta yi wata magana a hankali.

"Me ta ce?"

Hafsatu ta ce, "Ta ce don Allah idan za mu kai yarinyar nan gida, kada mu kai ta lokacin."

Da safe Nura ya kawo babura, hanya ta bushe ta yi tauri. Na yi sallama da 'yata, mun yi kukanmu mun share. Ina shirin hawa sai ga Mama Anyes da wani ƙaton buhu a ka, ta dire a gabana. Rogon nan ne mai naɗin ganye ya fi hamsin, da ayaba nono guda, da kifi mai hayaƙi. Ashe tun jiya take dafawa. Idonta ya yi ja. Ta riƙe hannuwana biyu tana magana da sauri.

"Umma," in ji Hafsatu, "ta ce ki ci a hankali, ki raba wa yara, ya kai ku har ruwa ya sauko. In ya ƙare ki aiko, kada ki ji kunya."

Na buɗe baki in ce mata rumbunmu cike yake, an ma fara yankan dawa. Sai na ga yadda take kallona, irin kallon da ni ma na kwana arba'in ina yi mata duk sanda na gan ta tana ratsa taɓo da itace a ka. Na ce wa Hafsatu, "Ki ce mata na gode, zai kai mu."

Aka ɗaure buhun a bayan babur, muka kama hanya.